Sukari ba ya gyara ƙashin baya: malamai, mu yi lissafi kafin mu tura saƙo

Akwai wani saƙo da ya daɗe yana yawo a zaurukan WhatsApp na malaman lakkwal da na iyayen yara a nan Maraɗi. Yau ka ji shi da murya, gobe ka gan shi da hoton ƴan ƙananan ƙwayoyi farare cikin siririyar roba mai launi. Maganar dai ɗaya ce: duk wanda likita ya ce masa ƙashin bayansa ya zaizaye, ya kwantar da hankalinsa, ga magani mai suna homeyopati, ba allura, ba tiyata, ba illa, kuma daga Turai yake. A ƙarshe sai lambar waya da roƙon a tura wa ƴan'uwa saboda Allah. Mu kuwa muna turawa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami in faɗa ba kwana-kwana: abin da ke cikin robar nan sukari ne, kuma duk malamin da ya tura saƙon ya ara wa mai talla mutuncinsa kyauta.

Tun farko ina so a fahimce ni, ba masu ciwon nake yi wa dariya ba. Malamin da yake kwana a Maraɗi yana koyarwa a ƙauyukan bayan Tibiri, ya hau moto da asuba ya sha gargada, ya wuni tsaye gaban allo, ya dawo ya duƙufa kan gyaran kayen yara har dare, ya san abin da ake kira ciwon ƙugu. Manomin Jiratawa da ke wuni sunkuye yana yankan zogale ya san shi. Uwar da ta yi daka, ta ɗauko ruwa, ga goyo a baya, ta fi kowa saninsa. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma babu ciwon da ya kai shi hana mutane aiki a duniya. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Rigimata da mai miƙa takobin ce, da kuma mu da muke yi masa shela.

Mutane da yawa sun ɗauka homeyopati maganin gargajiya ne na Turawa, wato ɗan'uwan saiwa da sassaƙen da muka gada. Ba haka ba ne. Jiƙon sabara ko na marke, ko ya yi aiki ko bai yi ba, akwai sabara da marke a cikinsa, harshenka ma zai shaida. Homeyopati wata hanya ce da wani likita Bajamushe, Samuel Hahnemann, ya fito da ita a 1796. Ya sha ɓawon itacen da ake samun kinin daga jikinsa alhali lafiyarsa lau, ya ji kamar zazzaɓi ya kama shi, sai ya yanke hukunci cewa abin da ke haddasa wata alama a jikin mai lafiya shi ne zai warkar da mai wannan alamar. Da yake yawancin abubuwan da ya gwada guba ne, sai ya shiga tsinka su da ruwa yana girgizawa, har ya kai ga cewa wai yawan tsinkawa shi ke ƙara wa magani ƙarfi.

A yi wa mutumin adalci. A zamaninsa likitocin Turai suna tsaga jijiyar majinyaci su zubar da jininsa, suna ɗura masa sinadarai masu guba. Wanda aka bai wa ruwa zalla ya fi wanda aka yi wa haka samun damar tashi. Amma Hahnemann ya rasu a birnin Paris a 1843, kafin a gano ƙwayoyin cuta da ke kawo tarin fuka, kafin a ƙirƙiro hoton ƙashi. Ilimin likitanci ya yi tafiyar shekara ɗari da tamanin tun daga nan, homeyopati kuwa tana nan inda ya bar ta.

Yanzu ga inda nake buƙatar malaman lissafi su matso kusa. Ku duba jikin robar, za ku ga suna da Latinanci, kamar Rhus toxicodendron ko Arnica montana, waɗanda su aka fi tallatawa don ciwon baya da gaɓoɓi. Na farko wani tsiro ne na Amurka mai sa fata ƙaiƙayi da ƙuraje, na biyu fure ne na duwatsun Turai. Bayan sunan sai lamba: 5CH, 9CH, 15CH, 30CH. Ma'anar 1CH ita ce a ɗauki ɗigo ɗaya na jiƙon tsiron a zuba cikin ɗigo 99 na ruwa ko barasar magani, a girgiza. Don a samu 2CH, sai a ɗauki ɗigo ɗaya daga wannan a sake zubawa cikin sabon ɗigo 99. Haka za a yi ta yi. Ke nan 2CH ɗaya ne cikin dubu goma, 3CH ɗaya cikin miliyan.

Mu ci gaba da alli a hannu. Ɗigo ashirin ke yin mililita ɗaya. In aka kai 6CH, daidai yake da ɗigo ɗaya cikin lita miliyan hamsin, wato tano mai cin lita 200 har guda 250,000. In ka je tabkin Madarunfa da damina ka ɗiga ɗigo ɗaya na jiƙo, ka motsa tabkin duka, ka ɗebo kofi guda, ruwan kofin nan ya fi 9CH ƙarfi nesa ba kusa ba. A 13CH, ruwan da za a buƙata don ɗigo ɗaya ya fi na tekunan duniya gaba ɗaya. Malaman kimiyya na lise sun san adadin Avogadro, 6 da sifili 23 a bayansa, sun kuma san abin da yake nufi a nan: da an wuce 12CH, da wuya a samu ko ƙwayar zarra ɗaya ta tsiron asali a cikin kwalbar. To ina ga 30CH, ɗaya da sifili sittin? Wannan ruwan ne ake jiƙa ƴan dunƙulen sukari da shi, a shanya, a zuba a roba, a manna farashi.

Da mai fura za ta ɗebi ludayi ɗaya na nono ta zuba cikin ludayi 99 na ruwa, ta sake ɗibar ludayi ɗaya ta maimaita, har sau talatin, sannan ta ce maka wannan ta fi kowace fura riƙe ciki, ko farau-farau ba za ka kira ta ba. Amma da an rubuta suna da Latinanci an sa a roba mai kyau, sai mai digiri ya ciro jika biyar ya biya yana godiya.

Masu sana'ar sun san wannan lissafi, suna kuma da amsa: wai ruwa yana da ƙwaƙwalwa, yana tuna abin da ya taɓa shiga cikinsa ko bayan abin ya ɓace. Wani masani Bafaranshe, Jacques Benveniste, ya buga bincike a mujallar Nature a 1988 yana cewa ya tabbatar da haka. Mujallar ta tura mutanenta ɗakin gwajinsa, aka maimaita aikin ta yadda masu dubawa ba su san wace kwalba ce wace ba, sakamakon ya ɓace. Ni kuwa tambayata mai sauƙi ce. In ruwa yana tunawa, me ya sa zai tuna furen Turai kaɗai, ya manta duk abin da ya kwaso a Gulbin Maraɗi tun daga Jibiya?

Sai kuma hujjar da ta fi kama mu, wato "ai na Faransa ne". Gaskiya ne Faransa tana cikin ƙasashen da suka fi yin waɗannan ƙwayoyi da shan su. To me Faransar ta yi? A 2019 babbar hukumarta mai tantance magunguna ta duba binciken da ake da shi ta ce ba a nuna amfanin da zai sa asusun inshorar lafiya ya ci gaba da biya ba. Ministar lafiya ta lokacin, Agnès Buzyn, ta amince. Kashi 30 cikin ɗari da asusun yake mayar wa mai saye ya koma 15 a 2020, daga 1 ga Janairun 2021 kuma ko tamma. Kafin nan, a 2015, hukumar binciken lafiya ta Ostareliya ta tace nazari 176 a kan cututtuka 61, ta ce babu ko cuta ɗaya da aka samu tabbatacciyar shaida cewa homeyopati tana maganinta. A 2017 hukumar lafiya ta Ingila ta ce wa likitocinta su daina rubuta ta. Abin da gwamnatin masu shi ta ƙi biya wa ƴan ƙasarta, shi ne ɗan kwantaragin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata zai ci bashi ya saya?

Wani zai ce Indiya fa, ai har ma'aikata suka kafa a 2014 wadda homeyopati ke ƙarƙashinta. Haka ne. Amma kafa ma'aikata shawara ce ta siyasa, ba ta mayar da ƙwayar zarra cikin kwalbar da babu ita. Kuma alhazanmu da ke hawa jirgi zuwa Indiya saboda ciwon ƙashin baya, wurin manyan na'urorin hoto da likitocin tiyata suke zuwa.

Hujjar da nake girmamawa ita ce ta wanda ya ce, "Malam, ni na sha, kuma na ji sauƙi." Ban ƙaryata shi ba, jiki magayi. Sai dai akwai abin da ya kamata a sani game da halin ciwon baya: zuwa yake yi ya tafi. Mafi yawan ciwon da ya taso farat ɗaya yakan lafa sosai cikin mako shida, ko an sha magani ko ba a sha ba. Wanda ya daɗe a jiki kuma yana da ranakun tashi da ranakun kwanciya. Yaushe mutum yake neman sabon magani? Ranar da ciwon ya kai maƙura. Daga maƙura kuwa ina za shi in ba ƙasa ba? Duk abin da ka sha a ranar, shi zai kwashe yabo. Ƙara da cewa mai sayarwa ya zauna da kai ya saurare ka, ya ba ka tabbaci, hankalinka ya kwanta, ka samu barci. Wannan sauƙi na gaske ne, likitoci sun san shi, shi ya sa in za a gwada magani ake bai wa rabin majinyata ƙwayar wofi ba tare da sun sani ba, a ga ko maganin zai fi ta. A manyan gwaje-gwajen da aka tsara da kyau, homeyopati ba ta fi ƙwayar wofi ba, don ita ma ƙwayar wofin ce.

Kalmar "zaizayewa" ita ce jarin masu tallan nan, don haka mu dube ta. A ƙasan baya akwai ƙasusuwa biyar a jere, tsakanin kowane biyu akwai wani faifai mai laushi kamar gammo. Da shekaru suka ja, faifan yakan rage ruwa ya motse, gefen ƙashi ya yi kaushi. A 2015 wasu masana suka tattara hotunan mutum fiye da dubu uku waɗanda bayansu ba ya ciwo ko kaɗan. Cikin ƴan shekara ashirin, kashi 37 cikin ɗari suna da wannan zaizayewa. Cikin ƴan hamsin, kashi 80. Cikin ƴan tamanin, kashi 96. Ashe sau da yawa abin da hoto ya nuna furfura ce ta ciki, ba hukuncin gurgunta ba. Kuma kamar yadda babu ƙwayar da ke mayar da tsoho yaro, babu wadda ke tsiro da sabon faifai, ta asibiti ko ta waje. Duk wanda ya ce maka zai sabunta maka ƙashin baya da abin tsotsawa, ya san abin da yake yi.

To in sukari ne kawai, ina illarsa? Illa ta farko kuɗi. Ana rubuta wa mutum roba uku ko huɗu, a ce ya yi wata uku, in bai ji daidai ba a ce jikinsa ne ke fitar da cutar, ya ƙara wata uku. Kuɗin hatsi ne da na kayan lakkwal ɗin yara ke tafiya. Illa ta biyu, wadda ta fi hana ni barci, ita ce lokaci. A ƙasarmu ba kowane ciwon baya ne na gajiya ko tsufa ba. Tarin fuka yana kama ƙashin baya ya ci shi a hankali, ko mutum ba ya tari. Emasi, wato sikila, tana taɓa ƙashi. Ciwon ƙoda yana fitowa ta baya. Akwai cutar da ake ɗauka daga nonon da ba a dafa ba, ita ma tana sauka a ƙugu. Akwai daji.

Na san wani mai gadin lakkwal, dattijo mai ƴaƴa bakwai, da ya yi wata biyar yana ɗiga irin wannan ruwa a ƙarƙashin harshe, yana ramewa, yana jiƙa shimfiɗa da gumi kowane dare. Mai ba shi yana ce masa alamar aiki ce. Sai da ƙafafunsa suka fara ja aka ɗauke shi zuwa asibiti, aka gano tarin fuka ne na ƙashi. Maganin wannan cuta kyauta ake ba da shi a cibiyoyin gwamnati, kuma yana aiki. Ya sha ya rayu, amma doron da ya fito masa ya zauna, da sanda yake tafiya, aikin gadi kuma ya ƙare. Sukarin bai yi masa komai ba. Wata biyar ɗin ne suka yi.

Don haka kowane malami da kowane uba ya riƙe waɗannan alamu. Ciwon baya tare da zazzaɓi, gumin dare ko rama ba dalili. Ciwon da ya fi tsanani da dare, kwanciya ba ta rage shi. Ƙafa ta yi nauyi ko ta mutu, ko mutum ya riƙa tuntuɓe. Fitsari ko bayan gida ya ƙi fita ko ya riƙa kuɓucewa, ko tsakanin cinyoyi ya daina jin taɓi. Wannan kam ba ya jiran gobe. Ciwon da ya biyo bayan faɗuwa daga moto ko bisa itace. Ƙullutu ko lanƙwasa da ta fito a gadon baya. Sai kuma yaro: ƙashin yaro bai tsufa ba balle ya zaizaye, in ɗalibi ya yi makonni yana kukan baya, ko ya daina wasa yana tafiya a sanƙare, a kai shi a duba. Ga CSI a unguwanni da garuruwa, ga babban asibitin jiha, ga Asibitin Referans na Maraɗi, mutanen Jiratawa kuma ga Danja kusa da su.

Na san abin da za a mayar mini. Za a ce asibiti tsada, layi dogo, likita bai ɗago ya dube ka ba ya miƙo maka ordonansi. Za a ce ai gara sukari da tiramol ɗin da ke haukata samarinmu, ko jajayen ƙwayoyin ƴan tallan tire da ke huda ciki su kashe ƙoda. Akwai gaskiya a nan, kuma ma'aikatan lafiya su ji da kyau: abin da mai homeyopati yake sayarwa a zahiri shi ne sauraro, kuma kasuwarsa tana ci ne saboda ku kun rage bayarwa. Amma zaɓin ba tsakanin guba da sukari yake ba kawai. A Disamban 2023 OMS ta fitar da jagora a kan ciwon baya mai daɗewa. Abin da ta sa a gaba shi ne a fahimtar da majinyaci ciwonsa, a ɗora shi kan motsa jiki mai tsari, a yi masa tausa ko aikin kine, a taimaka masa ya rage tsoro da damuwa, in da buƙata a ba shi maganin rage zafi irin su ibuprofen bisa shawarar ma'aikacin lafiya. Ta hana dogaro da ɗamarar baya, da jan ƙashi da na'ura, da magunguna masu sa maye dangin tiramol. Rabin wannan ba ya cin ko dala. Tafiya a ƙasa kowace rana, rage doguwar kwanciya, durƙusawa da gwiwa in za a ɗaga buhu, tashi a miƙe bayan kowane rabin awa na gyaran kaye, raba bidon ruwa gida biyu ga yarinya: ba mai yi musu talla don ba mai cin riba a kansu.

Ga abin da nake nema. Masu kula da zaurukan malamai da na iyaye su daina barin tallan magani, kowane iri ne, kamar yadda ba za su bar mai talla ya shiga aji ba. Gidajen rediyonmu masu sayar da fili ga duk mai kuɗi su riƙa tambayar takardar izini kafin su buɗe masa makirfo, su kuma tuna cewa tsohuwar da ke saurare a Tibiri ta ɗauka duk abin da rediyo ta faɗa an tantance shi. Mai farmasin da ke da waɗannan robobi a kanta ya gaya wa mai saye abin da ke ciki kafin ya karɓi kuɗinsa. Hukumomin lafiya na jiha su leƙa masu ɗura ruwa a kwalba marar suna suna kiransa homeyopati, don in irin wannan ruwa ya kashe ciwo cikin rabin awa, to a bincika abin da aka zuba a ciki.

Mu malamai kuma namu ya fi na kowa nauyi. A ƙauye, in mushe ya ce abu yana da kyau, an gama magana. Iyaye ba su karanta Latinanci ba, mu suka karanta. Wannan amana ba tamu ba ce da za mu miƙa wa duk wanda ya turo mana murya mai daɗi. Kuma muna da abin da ya fi gardama: aji. Ka kawo zoɓo mai kauri da kofuna shida gaban ƴan CM2. Cokali ɗaya na zoɓo cikin cokali 99 na ruwa, a motsa, a ɗebi cokali ɗaya zuwa kofi na gaba. Kafin kofi na uku ja ya ɓace. Ka sa su rubuta kason kowane kofi a allo, sannan ka tambaye su wanne ya fi ƙarfi, na farko ko na shida. Za su yi maka dariya. Ka ce su je gida su nuna wa iyayensu, su kuma gaya musu cewa na cikin robar nan kofi na talatin ne.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare mana aljihu da ƙashin baya.